Ba Wanda Zai Riƙe Kyamara

Litinin, 20 ga Maris, 2000. Bayan la'asar.

Wannan littafin awo ne na shago, wanda muke rubuta tsawo da kaurin ƙarfe a ciki. Na juyo shi ta baya na fara rubutu, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Yau sati huɗu da waccan Litinin ɗin da rikicin addini ya ɓarke a nan Kaduna.

Wasiƙa ta zo daga Caroline, matar Anayo. Alexander, direban babbar bas ɗin da ke zuwa Anacha, shi ya kawo ta har Makera, ya yi ta tambayar gidan Zakariyya'u mai walda har aka nuna masa. Shekara goma sha huɗu ni da Anayo muna shago ɗaya a bakin Kakuri, ni ina walda, shi yana kan injin sassaƙa ƙarfe, amma ban taɓa ganin rubutun matarsa ba sai yau. Da Hausa ta rubuta, tunda a nan aka haife ta.

Ta ce: "Malam Zakari, ciwon yana warkewa, amma mutumin bai dawo ba. Ba ya fita. Ba ya kula yara. Abu ɗaya yake tambaya, wai an ƙona injin? Na ce a'a, yayansa ya ce a'a, ya ce lallashinsa muke yi kamar yaro. In da yadda za ka yi ya yarda, don Allah ka yi." A ƙasa ta sa lambar wayar wani kantin magani na garinsu, ta ce duk Laraba ƙarfe huɗu tana iya zuwa ta jira.

Ba a ƙona shi ba. Ƙofar gaba ce ta ci wuta, da rabin rufi. Injin yana nan inda ya bar shi, toka kawai ta rufe shi.

Na fara tunanin in kira mai hoto. Amma na san Anayo. Zai ce mataccen inji ma yana tsayawa a ɗauke shi hoto. Sai ya gan shi yana juyawa, ya ji ƙararsa da kunnensa.

Talata, 21 ga Maris. Ƙarfe biyar na yamma.

Na je Sabon Tasha wajen Albert mai ɗaukar bidiyon biki. Shi ya ɗauki bikin sunan 'yata A'isha, Anayo ne ya kawo mana shi a lokacin.

Bara aka yi ta murna soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki. Yau shinge biyar na wuce, kowanne sai an sauka daga bas an ɗaga hannu sama. Da muka kusa, na cire hulata na cusa a aljihu. Ba wanda ya ce in cire. Ni na cire da hannuna, kuma har yanzu abin yana cina.

Albert na ganina ya jawo ni ciki ya tura ƙofa. "Oga Zakari, kai kaɗai ka shigo nan? Me ya yi zafi?"

Na ba shi wasiƙar ya karanta. Ya shiga ɗaki ya fito da kyamara, da sabon kaset, da wayar haɗawa da talabijin. Babba ce, irin ta ɗorawa a kafaɗa, nauyinta ya kai galan ɗin mai cike. Ya nuna mini inda ake dannawa. Ƙafafu ukun da ake kafa ta a kai, ya ce sun ƙone tare da wani zauren biki da ya bar su a ciki.

Na ce, "To ka zo ka riƙe mini. Awa ɗaya ce."

Ya girgiza kai. "Ka roƙe ni wani abu daban. Ƙanen matata a wannan layin naku aka..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce in dawo masa da ita kafin Ista, yana da aure biyu.

A buhun shinkafa na naɗo ta, saboda soja.

Laraba, 22 ga Maris. Azahar.

Ba wuta, batir bai yi caji ba. Na share tokar da ke kan injin. Shago goma sha ɗaya ne a layinmu, biyu ne a buɗe, kuma mai ɗayan ba ya amsa gaisuwata yanzu. Ba wanda zan ce wa zo ka riƙe mini.

Alhamis, 23 ga Maris. Ƙarfe uku.

An kawo wuta. Na ɗora kyamarar a kan teburin aiki, na tokare ta da bulo, na kunna injin. Tun waccan ranar ban ji ƙarar nan ba. Na zauna a kan durom ina saurare.

Aikin da yake yi yana nan a bakin injin yadda ya bar shi: sandar injin niƙa ta wata mata daga Mahuta, rabi ya yi sumul yana ƙyalli, rabi duk tsatsa. Ban taɓa ta ba. Na bar ta tana juyawa a banza har minti biyar.

Da na mayar da kaset baya na leƙa ta ɗan idon kyamarar, abin ba ya kalluwa. Komai rawa yake yi, don girgizar injin tana bin ƙasa ta hau tebur. Ni kuma cikina kawai ya fito da bel ɗin wandona. Na juya ta ta fuskanci gaba, sai hasken da ke shigowa ta inda rufi ya ƙone ya cinye hoton, injin ya zama baƙin dunƙule. Ke nan dole ta tsaya daga gaba, daga sama, ba ta taɓa ƙasa ba ta taɓa tebur, ta kalli cikin shago.

In ta kalli ciki kuwa, bangon baya zai fito.

Asabar, 25 ga Maris. Bayan la'asar.

Na yanko ƙarfen tsohon gado na yi hannu mai tsawon ƙafa uku, na walda masa faranti a ƙarshe inda kyamarar za ta zauna. Don ya riƙa lanƙwasawa sama da ƙasa, na ciro ƙwallon sitiyari na wata tsohuwar mota na sa masa a gwiwa. Na ɗaure shi da noti biyu a katakon rufi na gaba, wanda na ga kamar wuta ba ta ci sosai ba.

Allah ya sa da gwangwanin yashi na fara gwadawa. Ina sakin hannu katakon ya ce ƙas, gwangwani da ƙarfe da gawayi duk suka zubo a ƙafata. Ashe cikinsa ya gama zama gawayi, bayan ne kawai yake kama da katako.

Da kyamarar Albert ce fa?

Na zauna ina kallon yashi a ƙasa har aka kira salla.

Lahadi, 26 ga Maris. Hantsi.

Maƙwabtanmu na dama sun tashi yau, gida na huɗu ke nan. Jummai maiɗakina ta tsaya a ƙofa tana kallon ana loda katifu a a-kori-kura. Yayanta Isiyaku ya samo mana ɗaki biyu a Tudun Wada, ƙetaren kogi, mai gidan ya ce zai jira zuwa ƙarshen Afrilu.

Ta ce, "Malam, me muke jira?"

Na ce akwai aikin da nake so in gama.

"Aikin da ba wanda ya ba ka. Kullum in ka fita sai in tsaya nan ina ƙirga salloli, azahar bai dawo ba, la'asar bai dawo ba. A'isha ba ta cin abinci sai ta ji muryarka a zaure. Kana can kana gina wa kyamara wurin zama, mu namu wurin zaman fa?"

In na tashi, in Anayo ya dawo wa zai tarar?

Talata, 28 ga Maris. La'asar.

Ba wuta.

Laraba, 29 ga Maris. Ƙarfe huɗu da kwata.

Ba wuta. Yanzu haka Caroline tana can kantin magani tana kallon waya. Ban je na kira ba. Me zan ce mata, na yi sati ina faɗa da katako?

Juma'a, 31 ga Maris. Daf da magariba.

Na haƙura da rufi. Akwai dogon bututun ƙarfe da muka ajiye tun bara don mu yi rumfa a gaba. Na fasa rami a bangon dama da na hagu, na ɗaga shi da igiya ni kaɗai, wannan gefe sannan wancan, yana zamewa ina sakewa. Abin da mutum biyu za su yi a minti goma ya cinye mini wuni. Sau biyu na ce "riƙe nan" da ƙarfi kafin in tuna.

Ya zauna. Na rataya a jikinsa da dukan nauyina, bai ko yi ƙara ba. Na mayar da hannun gadon a tsakiyarsa.

Sai kuma sabuwa. A ƙarƙashin kyamarar akwai ɗan rami mai zare inda ake ɗaure ta. Na zazzage gwangwanin notuna gaba ɗaya a ƙasa, ba wanda ya shiga. Zarenta daban ne, ƙanana. Ba zan ɗaure kayan mutum da igiya a saman inji mai juyawa ba. Sai dai a sassaƙa sabon noti a injin.

Wato sai na cire sandar da ya bari.

Asabar, 1 ga Afrilu. Safe.

Na ɗauki sifana na tsaya gaban injin. Na ajiye.

Lahadi, 2 ga Afrilu. Bayan azahar.

Isiyaku ya zo. Ya ce in nemi mota in kwance injin in kai ƙetare, tun kafin masu kwasar ƙarfe su riga ni. Na ce ba nawa ba ne. Ya ce, "Zakari, ka taɓa ganin wanda ya tafi a wannan karon ya dawo?" Na ce Anayo daban ne, shekara ashirin da biyu yana Kaduna, tuwon masara ya fi so a kan teba. Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa mara lafiya.

Litinin, 3 ga Afrilu. La'asar.

Haka ma yau. Akwai wuta tun safe, ni ne babu.

Talata, 4 ga Afrilu. Ƙarfe biyar.

Na cire. Na yi alama da alli a inda bakin injin ya kama ta don in mayar da ita daidai, na naɗe ta a tsumma na ajiye.

Na ɗan iya injin, a tsaye na koya ina kallonsa. Na ɓata biyu. Na farko na ci shi da yawa ya sirance, na biyu zaren ya hau kan juna. Ina jin muryarsa a bayana kamar yana nan: "Zakari, a hankali. Ku masu walda komai da ƙarfi, komai da wuta." Shi da zai yi wannan yana ɓare gyaɗa da ɗaya hannun.

Da ɗaya hannun. Na rubuta kafin in lura.

Na uku ya shiga tsaf.

Alhamis, 6 ga Afrilu. Azahar.

Na ɗora kofin ruwa a kan farantin na kunna injin. Ruwan yana ta ɓari. Girgizar ta bi ƙasa, ta hau bango, ta shiga bututun, ta iso har inda na guje mata. Na kashe na zauna. Ina jin kamar shagon ne da kansa ba ya so a gan shi.

Bayan salla na yanka robar cikin tsohuwar taya. Na sassauta bututun, na naɗe bakinsa biyu da roba ninki shida kafin in mayar cikin bango, na sa wata tsakanin faranti da hannu. Na sake ɗora kofin. Ruwan ya kwanta, sai ɗan zobe ɗaya a tsakiya wanda sai ka ƙura ido.

Na ɗaura kyamarar na leƙa. Bakin injin ya fito, wurin tsayuwata ya fito, har hannaye. Bangon baya ma ya fito, duka. Na juya ƙwallon hagu, injin ya fita daga hoto. Na juya dama, haka. Ba inda zan kai ta.

Asabar, 8 ga Afrilu. Bayan la'asar.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ina kan durom ina gyara kyamara, na ji ƙara kamar bindiga daga bakin titi, sai gudu, sai ihun mata. Ban san lokacin da na diro ba. Ban yi gaba ba. Baya na yi, na kai hannu ga ƙofar baya na tura.

Ba ta buɗu ba. Ta yaya za ta buɗu?

Bari in rubuta, tunda sati uku ke nan ina kewaye shi. A watan Disamba ɓarayi suka shigo ta ƙofar nan suka kwashe mini wayar walda. Anayo ya ce mu sa babban kwaɗo. Na ce kwaɗo yanke shi ake yi. Ya ce shago mai ƙofa ɗaya ba shi da kyau, ga mai ga wuta. Na yi masa dariya, na ce tsoro ya yi masa yawa. Da ya tafi gida Kirsimeti na walde ta sama da ƙasa, na ƙara ƙarfe biyu a gicciye. Ya dawo ya gani, ya kalle ni kawai.

Waccan Litinin ɗin ni ina gida, A'isha tana zazzaɓi. Shi yana shago. Bayan ƙofar nan kwata ce, bayan kwata gidajen mutanensu, taku talatin bai cika ba. Da ta buɗu da ya tafi da hannayensa biyu. Ta gaba ya fita, inda suke. Na dama ne, daga wuyan hannu.

Yau tayar tirela ce ta fashe. Mutane suka dawo suna dariya. Ni na daɗe tsaye da tafina a jikin ƙarfen.

Ba wanda na gaya wa. Jummai ta san na walde ƙofa, amma ba na jin ta haɗa wannan da wancan.

Litinin, 10 ga Afrilu. Hantsi.

Na rataya buhu ya rufe ƙofar. Na leƙa ta kyamara, buhun ya fi ƙofar fitowa, kamar ana nuna ta da yatsa. Na cire.

Na ɗauko injin yanka in yanke waldar, har na jona wuta, sai na tsaya. In ya kalla ya ga ƙofa a buɗe iska tana shigowa, me zai ce? Sai yanzu? Na naɗe wayar na mayar. Ta fito yadda take.

Talata, 11 ga Afrilu. La'asar.

Ba wuta. Na sa riga mai tsabta na zauna tun safe, na cire na dawo.

Laraba, 12 ga Afrilu. Bayan azahar.

An ɗauka.

Na mayar da sandar kan alamar alli na ɗaure. Na hau durom na danna, jar fitila ta kama, na sauko. Kwana uku ina shirya abin da zan faɗa, har na rubuta a bayan kwali. Da na ɗaga kai na ga idon kyamarar, duk ya gudu. Abin da ya fito kawai: "Anayo, ni ne. Yau sha biyu ga wata. Ga shi nan, ka saurara." Na kunna.

Na ƙarasa rabin da ya bari. Minti arba'in, wuta ba ta ɗauke ba, ban san dalili ba. Ɓawon ƙarfe yana fita yana nannaɗewa, wani fari wani shuɗi. Na kai ƙarshe. Na auna, ya yi daidai da abin da ya rubuta a gaban littafin nan ranar da aka kawo aikin. Na ɗaga sandar na nuna wa kyamara.

Daga nan na juya na je gaban ƙofar na tsaya. Na buɗe baki. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Na dawo na hau durom na kashe.

Matar Mahuta ba ta taɓa dawowa neman sandarta ba. Ban san wa zan tambaya ba.

Alhamis, 13 ga Afrilu. Ƙarfe biyar.

Mun kalla a talabijin ni da Jummai, A'isha tana islamiyya. Hoton tsaye yake cak, ƙarar injin ta fito sosai. Aiki ya yi kyau. Ban ji daɗin komai ba.

Da aka zo inda nake tsaye a ƙofa, fiye da minti biyu ne, mutum ya ba wa kyamara ƙeya yana kallon ƙarfe. Na ce zan goge wurin. Jummai ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ka bar shi, Malam. Shi zai san abin da kake faɗa."

Ashe ta haɗa. Tun yaushe, ban tambaya ba.

Juma'a, 14 ga Afrilu. Safe.

Na kai wa Alexander kaset ɗin a tasha. Ya sa a jakar takardun motarsa, ya ce da hannunsa zai miƙa.

Asabar, 15 ga Afrilu. La'asar.

Na mayar wa Albert kayansa. Ya juya kyamarar ya ga notin a ƙasa, ya warware ya duba zaren. "Wa ya yi wannan?" Na ce ni. "A injin Anayo?" Na ce e. Ya ce in bar masa. Ya rako ni har bakin titi, bai tafi ba sai da bas ta tashi.

Yau ma na cire hular.

Laraba, 19 ga Afrilu. Ƙarfe shida saura.

Na je shagon buga waya a Barnawa. Mai shagon ta gwada sau tara, layi bai shiga ba.

Lahadi, 23 ga Afrilu. Azahar.

Ista. Ana jiyo waƙa daga Kakuri, ba ƙarfi kamar ta bara. Kowace shekara Caroline tana aiko mana shinkafa a babbar kula, kazar ma ni nake yanka musu tun Asabar don mu iya ci. A'isha ta tambaya sau biyu. Jummai ta tuƙa tuwo.

Saura sati ɗaya mai gidan Tudun Wada ya ba wani.

Laraba, 26 ga Afrilu. Daf da magariba.

Layi ya shiga a gwaji na uku. Caroline ce ta ɗauka.

"Malam Zakari! Ya kalla. Sau huɗu ya kalla. Muka aro bidiyo a maƙwabta, ana kunnawa ya ce a ƙara murya, ya matso har ya kusa taɓa gilashin. A na biyu ya kori kowa daga ɗakin."

Na yi hamdala. Na ce mata, "Maman Chiamaka, bai ce komai a kan ƙofar ba?"

"Wace ƙofa?"

Wata biyu, bai gaya mata ba. Bai gaya wa kowa ba.

Ta ce, "Yana nan fa. Ya biyo ni, yau ne farkon fitarsa daga gida. Bari in riƙe masa... a'a, ya ce shi zai riƙe."

Na ji kan wayar ya bugu da wani abu, sannan numfashi.

"Zakari."

"Na'am."

"Gudun ya yi yawa. Ba ka ga ƙarfen yana fita shuɗi ba? Za ka ƙona baki. Ka sauko da bel ɗin mataki ɗaya."

"To."

"Kuma ka sa mai. Daga nan ina jin ya bushe."

"Zan sa."

"Wa ya riƙe maka kyamara? Hannunsa ba ya rawa."

"Ba kowa. Ƙarfe na yi mata na rataye a sama."

Ya yi wani ɗan sauti, kusan dariya. Na ga in ban faɗa a lokacin ba, ba zan ƙara samun baki ba. Na ce, "Anayo, ƙofar nan..."

"Na gan ta." Muryarsa ba ta canja ba, irin wadda yake faɗin awo da ita. "Waldar ta yi kyau. Na buga da kafaɗa, na buga da ƙafa, ko motsi ba ta yi ba."

Na kama gefen tebur. Na ce ya yafe mini, sau biyu na faɗa. Ban san ko ya ji ba, layin yana ta shuu.

Ya ce, "Injin naka ne yanzu. Kar ka jira ni, Zakari."

Caroline ta karɓa, ta ce in gaida Jummai da A'isha. Mai shagon ta miƙo hannu ta cire kan wayar daga hannuna, akwai masu jira a bayana.

Alhamis, 27 ga Afrilu. Bayan la'asar.

Ruwan farko ya sauka, ya zubo ta inda rufi ya ƙone. Na ja leda na rufe injin.

Ina ta juya maganar. Wani lokaci in ji kamar yabo ne kawai irin na ma'aikaci, wanda ba ya iya ganin aiki bai faɗi yadda yake ba. Wani lokaci in ji kamar ajiye mini ita ya yi in ɗauka har in mutu. Ban ji ya ce ya yafe ba. Ban ji ya ce bai yafe ba.

Juma'a, 28 ga Afrilu. Safe.

Na ce wa Jummai ta fara ɗaure kaya. Ta dube ni ta ce, "Me ya ce?"

Na ce ya ce in rage gudun inji, in sa mai.

Ta jira ko akwai saura. Daga nan ta miƙe ta fara sauke kwanuka daga kan kabad.